Yadda munka haɗa kwalayenmu munka je tarbon Ibrahim Traoré a Yamai

Tun tsakiyar sati vokal ke ta yawo a grup-grup na WhatsApp cewa shugabannin AES, ƙawancen ƙasashen Sahel na Nijar da Mali da Burkina, su ukku za su haɗu nan Yamai ranar Asabar 6 ga Yuli 2024, taronsu na farko ke nan tun da anka sa hannu ga yarjejeniyar Liptako-Gourma ranar 16 ga Satumba 2023, kuma kapitan Ibrahim Traoré na Burkina shi zai riga sauka tun ran Juma'a, don haka kowa ya hito hanyar filin jirgi a tarbe shi. Wanda ya ga abin a tele ko Facebook zai ɗauka mutum tashi kawai yake yi ya sunkuci kwali ya tahi bakin gudron. Ba haka ba ne wallahi, aiki ne sosai, akwai gardama ciki, akwai kashe kuɗi, akwai rashin barci.

Fadarmu tana Bukoki, ƙofar shagon wani tela, yawancinmu 'yan Adar ne, wannan daga Tawa, wannan Keita, wannan Illela, sai Bazabarme guda da ya fi mu duka iya baƙar magana da Hausa. Ni ina koyarwa a wata lakwal ta kuɗi shi ya sa kowa Mushe yake ce min, kuma duk abin da ya shafi rubutu a layinmu kaina yake faɗowa, takardar neman aiki, katin suna, har saƙon ban haƙuri ga budurwa. Da anka ce za a hita da kwalaye ba wanda ma ya tambaye ni ko ina so, tela ya ce "Mushe kai ke da rubutu, mu ke da kuɗin fenti", shi ke nan an tashi mitin.

Wani ya kawo shawarar mu kai wa masu buga banderol a inji, amma da munka ji kuɗin mita guda kowa ya yi shiru, ga shi kuma ƙungiyoyi sun riga sun cika musu aiki. Ni dai ko da arha ne ban so ba. Banderol ɗin inji duk iri guda ne, hoton mutum ukku cikin kaki, tutoci ukku, magana guda da shugaban ƙungiya ya zaɓa, wanda ke riƙe da ita sau da yawa bai ma karanta ba.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne me za a rubuta. Mun zuba shayi na farko har na ukku ba mu daidaita ba. Tela shi dai "À bas la CEDEAO" yake so, wato tir da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ya ce bai manta da takunkumin da anka sa mana tun 30 ga Yuli 2023 ba, iyakoki rufe, Najeriya ta yanke wuta, ya yi watanni keken ɗinkinshi na lantarki na kwance sai da ya koma ga na ƙafa. Na ce mishi Malam, an ɗage takunkumin tun 24 ga Fabrairu, kuma ƙasashen ukku sun ce sun hita daga ƙungiyar tun 28 ga Janairu, wannan maganar mutum dubu za su riƙe ta gobe, in mu ma munka rubuta ta ba wanda zai dube mu. Ya ce ko ba a dube shi ba zuciyarshi ta yi sanyi. To anka bar mishi kwali guda, ai kuɗinshi ne.

Sai harshe kuma. Baƙon ba ya jin Hausa, in kana so ya karanta sai faransanci, Bazabarmenmu ya ce wannan abin dariya ne, mun kori Faransa muna kuma yi wa juna maraba da harshenta, shi "Kubayni" zai sa, maraba ke nan da Zabarmanci, wanda bai gane ba ya tambaya. Ƙanena da ke lise ya ce a sa "Zancen ƙasa ne" da na Zabarmancinta "Labu sanni no" tunda su ne ke bakin kowa tun bayan juyin mulki. Daga ƙarshe munka raba, babba guda da faransanci don baƙo, BIENVENUE CAPITAINE IB, tunda haka 'yan ƙasarshi ke kiranshi, sauran kowa da harshen da ya ga dama.

Wanda ya kawo magana mai nauyi shi ne direbanmu, kamyo yake ja. Tun da iyakar Benin ta ƙi buɗuwa kayan da a da ke shigowa ta tashar ruwan Kotonu su biyo Gaya yanzu sai ta Lome, su ratsa Burkina, Kaya, Dori, su shigo ta Tera, kuma ba a tahiya sai an tara motoci ayari guda soja na rakiya saboda 'yan bindiga. Ya ce shi ya san abin da ake nufi da kwana cikin mota sati da sati ana jiran rakiya, ya san direbobin da ba su dawo ba, don haka ba ruwanshi da kirari, tunda rabin hanyar a ƙasar baƙon take shi abin da zai ce mishi ke nan. Ya fara zayyano min magana mai tsawo kamar wasiƙa, na ce Yaya tsaya, mota za ta wuce ne da gudu, abin da ya wuce kalma huɗu ko biyar ba mai karanta shi. Munka yi ta yankewa har ta koma A TSARE HANYAR DORI-TERA, ƙasa kuma da ƙananan baƙaƙe da faransanci.

Akwai kuma guda cikinmu da ya ce shi ba ya zuwa sam. Ɗan jam'iyyar PNDS-Tarayya ne tun fil azal, wadda soja sunka kawar daga mulki, ya ce shugaban da ya jefa wa ƙuri'a, Bazoum, na tsare tun 26 ga Yuli 2023, da wane ido zai je ya yi tafi. Wuri ya ɗan yi tsit, tela ya so ya ɗauki zafi anka tausa shi. Amma abin da ya ba ni mamaki shi ne da dare shi ya zo da gudumarshi, kuma shi ya buga kusan duk ƙusoshin. Ya ce ƙusa ba ta da jam'iyya, kada dai ku sa sunana.

Da na shiga gida Inna ta ji labari, ta ce "kai da za ka ga manya, ka rubuta musu shinkafa." Na ce Inna tarbon baƙo ne fa. Ta ce ai mai gidan ma na cikin motar ko? To shi ya karanta. Da na kai maganar fada tela ya ce a'a, ba a yi wa baƙo kukan yunwa a ƙofar gida, abin kunya ne. Bazabarme ya ce kwali ai fuska biyu gare shi, a sa maraba gaba, a sa shinkafa baya. Dariya munka yi a lokacin, amma haka anka yi.

Ran Alhamis da hantsi ni da ƙanena munka tahi Katako. Wanda bai san Yamai ba, Katako ita ce kasuwar da ba a jefar da komi, tsohon kwano, katako, ƙarfe, gwangwani, masu narka alminiyom suna zuba tukwane nan gabanka. Karto iri-iri ne kuma ba kowane ke yin kwali ba. Na taliya da na sabulu sirara ne, iska kaɗan sun lanƙwashe. Wanda ake so shi ne na firigo ko na babbar tele, mai rufi biyu, in ka danna da yatsa bai lotsawa. Mai sayarwa yana ganinmu ya gane, ya ce "na gobe ne ko?" ya ɗora kuɗi, wanda a da za ka ɗauka dala 50 ya ce dala 100, ya ce tun jiya ake ta zuwa. Munka yi ciniki har ya rage, ya ƙara mana wani yagagge kyauta. Sanduna kuma wurin kafintoci munka samu, ragowar da ke faɗuwa in an tsaga katako, masu tsawon kamu ukku zuwa huɗu, a zaɓi marasa nauyi don duk wanda ya taɓa ɗaga kwali awa guda ya san abin da kafaɗa ke cewa. Sai ƙaramin gwangwanin baƙin fenti, buroshi biyu, ƙananan ƙusoshi, da esansi kaɗan a kwalba don tsinka fentin.

Wani tsohon mai rubuta allunan shaguna da ke zaune kusa da mai fentin shi ya ba ni dabarun da sunka cece mu, ban ma tambaye shi ba, ya ga buroshin hannuna ne ya ce "yaro, wannan na shafa bango ne", ya sa anka canza min da mai faɗin yatsa biyu. Ya ce kada in sa ja, ja na da kyau kusa amma daga nesa cikin rana ɓacewa yake, baƙi kan fari shi ne magana. Ya ce kada in shafa farin fenti na ruwa kan karto, zai jiƙa ya kumbura, gara in manna farar takarda. Ya kuma ɗauki karton ya nuna min layukan nan na ciki, ya ce in za ka kafa sanda tsaye to layukan su kwanta, in sunka tsaya daidai da sandar iska na kaɗawa kwalin zai naɗe gida biyu. Na yi mishi godiya, ya ce in dai na ga an fara biya a riƙa tunawa da masu sana'a.

Bayan isha'i munka baje ƙofar shago. Matar tela ta dama mana koko na garin rogo mai kauri, da shi munka manne tsofaffin takardun jarrabawa da na kwaso daga lakwal, bayansu fari tas, sai dai in ka ɗaga kwalin saitin fitila kana hango lissafin yara da jan bik ɗina ta ciki. Damina ce, iska da laima, kokon ya ƙi bushewa da wuri, sai da munka jera su gaban fanka, can kuma wuta ta tahi, munka koma fifita da murfin karto ana haska min da fitilar waya.

Rubutun kansa ga yadda nike yi. In ja layi biyu da zare da alli, tsakaninsu tsawon tafin hannu da ɗan ƙari. In ƙirga baƙaƙen maganar har da gurbin da ke tsakanin kalmomi, in nemo na tsakiya, in fara daga tsakiyar kwalin in yi dama in dawo in yi hagu. Wanda bai san wannan ba shi ne za ka ga ya fara da manyan baƙaƙe yana jin daɗi, ya zo ƙarshe wuri ya ƙare, ya matse sauran ko ya gangara da su ƙasa, kuma washegari na ga irinsu ba adadi. Da fensir nike fara zanawa, sannan fenti. Fentin mai in ka tsinka shi da yawa zai zubo ya yi hawaye, in ka bar shi da kauri ba zai bushe ba kafin safe, don haka kwalin a kwance ake rubuta shi, ba a jingine ba. BIENVENUE kaɗai ta ci min kusan rabin awa saboda N biyu da E ukku, hannu na rawa, sauro na cizo, ga 'yan fada kowa ya zama sufeto, wannan ya ce ta karkace wannan ya ce ƙara kauri.

Wurin kafa sanda nan ɗan Tarayyarmu ya nuna gwaninta. Ƙusa kaɗai in ka buga kan karto kanta zai ratsa ya hice da an girgiza sau biyu. Sai ya aiki yara sunka tsinto murafun kwalaben lemo, ya daddake kowane ya baje, ya huda tsakiya, ya sa ƙusa ta ciki sannan ya buga, murfin ya danne karton da faɗi. Ukku-ukku ya sa wa kowane, ya lanƙwashe bakin ƙusar ta baya don kada ta yagi wani cikin turmutsutsu, ya naɗe mariƙin da ƙyallen da tela ya zubar. Tela kuma a nan gefe yana ta ɗinka tutoci da keken ƙafa, ta Nijar, ta Burkina mai ja da kore da tauraro, ta Mali, lokacin ba a yi tutar AES ba tukuna sai farkon 2025, kuma ya ce tun bara tutar Rasha ma ya ɗinka ta har ya gaji, fari, shuɗi, ja, ba abin da ya fi ta sauƙi.

Ran Juma'a ana sallame salla munka ɗauki hanya. Faba-faba ta farko ta ƙi ɗaukarmu saboda sanduna, ta biyu yaron mota ya ce sai mun biya wa kwalayen kujera, munka ɗaure su bisa, ni kuma duk tahiyar hannuna na waje ta taga ina riƙe da igiyar, ina kallon sama kada hadari ya taso don leda guda ce munka zo da ita. Tun kafin Talladje hanya ta cushe, anka sauke mu munka ƙarasa da ƙafa wajen Escadrille, shataletalen da ke kusa da filin jirgi. Nan ne dama tun Satumba 2023 mutane sunka riƙa kwana ƙofar sansanin soja suna neman sojan Faransa su tahi, har na ƙarshensu sunka bar ƙasar ranar 22 ga Disamba, na Amurka ma a lokacin suna cikin kwashe kayansu daga nan, ran 7 ga Yuli sunka gama. Don haka wurin ya saba da taro, masu ruwan leda da masu ƙosai da masu vuvuzela kowa ya san inda yake kafa kayanshi.

Jami'an tsaro sun ja igiya gefen gudron. Wani matashin soja ya tsayar da mu ya duba sandunan ɗaya-ɗaya, ya shafa bayan ƙusoshin da yatsa, ya karanta na gaba, ya juya ya karanta SHINKAFA TA YI TSADA, ya dube ni, ni ma na dube shi, sai ya ce "wuce Malam, mu ma saye muke." Wani da ke bayanmu da ya kafa nashi a kan ƙarfen rodi kam sai da anka raba shi da ƙarfen, ya riƙe karton da hannu.

Daga nan sai jira. Wannan shi ne ainihin tarbon, jiran, don shi ne ya cinye yinin. Ba wanda ya san ƙarfe nawa jirgi zai sauka, kowane minti goma sai wani ya ce ga su nan, a tashi a ɗaga kwalaye a yi ta ihu, sai ka ga ashe motar jandarma ce guda ta wuce. Rezo ya cushe, vokal ba ya tahiya. Da rana ta matsa kwalayen sunka koma laima, wasu sun zauna kan nasu. Ni kuma sai na bar wa ƙanena namu na shiga yawo ina karatu, halin malamin lakwal, kuma wallahi nan na ga abin da tele ba ta nunawa.

Wata tsohuwa ta rubuta nata da gawayi a bayan murfin karton madara, ALLAH YA BA MU LAFIYA DA DAMINA MAI ALBARKA, ba sunan kowa ciki. Wasu almajirai sun zo da nasu da ajami, tawadar allo ce sunka yi amfani da ita, rubutun ya fi na kowa kyau. 'Yan Burkina mazauna Yamai, masu gadi da masu lambu da masu gyaran babur, sun yi gungu da nasu cikin harshen Mosi suna rawa. Wani yaro ya zana kapitan ɗin da jar hula, kan ya fi jikin girma sau biyu, mutane na ta ɗaukar hoto da shi. Wani ya rubuta yana neman a yi kuɗin AES a bar sefa, wani na neman aiki ga masu diploma, wani kuma lambar wayarshi kawai ya sa da "mai gyaran firigo", na ce wannan ya fi mu duka wayo. Kurakuran faransanci kam ba a magana, hannuna har ƙaiƙayi yake don jan bik, amma ba wanda ya kasa gane abin da ake nufi.

Da na dawo wurinmu na tarar mata sun taru bayan ƙanena suna dariya. Ashe tunda fuskar kwalin na kallon gudron, bayan shi ke kallon jama'a, duk wanda ke tsaye baya shinkafar Inna yake karantawa. Wata Hajiya ta ce "ɗana wa ya rubuta wannan? Allah ya yi mishi albarka, juya shi gaba mana!" Tela ya ce Hajiya a rufa asiri. Ta ce asirin me, wa bai san kuɗin buhu ba? Kafin a jima an ɗauki hoton bayan kwalin nan fiye da gabanshi.

Kusa da mu akwai wani dattijo zaune kan 'yar kujerar da ya zo da ita, da carbi, ba kwali ba tuta. Na gaishe shi na ce Baba kai ba ka riƙo komi ba? Ya ce ɗana ni na gama riƙo. Ya ce yana ɗan lakwal anka jera su bakin hanya a 1972 lokacin Diori, da 'yar tutar Faransa ta takarda a hannu, suna tarbon Pompidou, tun safe ba ci ba sha, wanda ya zauna mushe ya zane shi. Ya ce lokacin Kountché samariya ke hito da mutane unguwa-unguwa da ganguna. Ya tsaya wa Gaddafi a 1997 zamanin Ba'are, ya tsaya wa Buhari a 2015 da ya zo Yamai kwana kaɗan bayan rantsar da shi, ita ce ma ƙasar da ya fara zuwa. Na ce to Baba mene ne bambanci? Ya ce a da hannu ake ba ka abin da za ka ɗaga, har da abin da za ka faɗa, yau ga shi kowa ya rubuto nashi.

Na yarda da shi rabi. Ni ma na tuna Tahoua Sakola a Disamba 2017 da anka yi bikin ranar jamhuriya na 18 ga Disamba a garinmu Tawa, riguna da huluna da tutoci duk rabawa anka yi, kuma ranar nan ma na ga motocin da sunka kwaso mutane da banderol ɗinsu sabbi fil. Sannan duk yawon da na yi ban ga kwali guda da ya soki masu mulki kai tsaye ba, kuma ba don kowa ya gamsu ba ne, masu wannan ra'ayin suna gida irin abokinmu mai guduma. Amma duk da haka tsakanin maraba da maraba mutane sun saƙa abin da ke damunsu, hanya, aiki, ruwan sama, abinci, kuma a kan karto kaɗai za ka ga wannan.

Can da yamma sai munka ji jiniya ta gaske. Wannan karon ba wanda ya ce ga su nan, kowa ya sani. Babura sunka fara wucewa, sai motocin soja da bindigogi bisa, jama'a ta turo gaba igiyar nan ta koma ba ta da amfani, vuvuzela ta toshe kunne, ana ta "IB! IB!" wasu na kiran janar Tiani, shugaban mulkin sojan Nijar. Na ɗaga namu iya tsawon hannuna, sai dai duk wanda ke gabana shi ma ya ɗaga nashi, don haka abin da na fi gani shi ne bayan kwalayen mutane da wayoyi sama. Ta wani ɗan tsakani na hango motoci baƙaƙe, ƙanena da ya hau kafaɗar Bazabarme na ta ihu ya ga jar hula, tela ya rantse an ɗaga mishi hannu shi kanshi. Direbanmu bai yi ihu ba, ya dai riƙe nashi da hannu biyu yana bin motocin da shi har sunka ɓace. Duka abin bai kai a sha kofin shayi ba.

Ko ya karanta? Direban ya tambaye ni sau ya fi a ƙirga muna tahowa, don da ƙafa munka dawo har kusan tsakiyar gari, ba taksi ba faba-faba. Na ce Yaya mutum cikin mota, ga ƙura ga dubban kwalaye, ka yi wa kanka adalci. Ya ce to ai 'yan rakiyarshi na da ido. Da dare munka taru gaban Télé Sahel muna neman kanmu, ba mu gani ba, banderol ɗin inji su kamara ta fi bi don su ne manya. A Facebook ne ƙanena ya tsinto wani bidiyo da wani ya ɗauka daga bayanmu, shinkafar Inna ta hito ɓaro-ɓaro, ƙasa mutane na ta gardama, wasu na cewa gaskiya ne wasu na cewa 'yan adawa ne anka turo. Da na nuna wa Inna ta ce ita ba ta san adawa ba, a tambayi mai shago.

Ran Asabar kanal Assimi Goïta na Mali ya iso, ni kafaɗa ta hana ni hita, amma ƙanena ya manna takarda kan CAPITAINE IB ya rubuta ASSIMI da marka ya koma. A ranar ne su ukkun sunka sa hannu ga kafa tarayyar ƙasashen AES, anka ba Goïta shugabancinta na shekara guda, washegari Lahadi kuma shugabannin CEDEAO sunka yi nasu taron a Abuja. Da anka yi lissafi a fada kuɗin da munka kashe ya ɗan haura jika 4, tela ya ce ragowar fentin nashi ne tunda shi ya fi zubawa, ya sa na rubuta mishi sabon allon shago da shi, kyauta.

Direbanmu kuma cikin satin ya samu lodi zuwa Lome. Ya cire sandar ya ɗaure kwalinshi cikin mota bayan kujera, ya ce in ya iso Dori zai manna shi a gilashi. Ya kira ni daga Tera da lambar wani, ya ce motoci sun yi layi har bayan gari, ana jiran rakiya, in gaya wa matarshi ta karɓi shinkafa bashi wurin mai shago kafin ya dawo.